Nan Cheba Ta Ƙi Cewa Amin

Sunan da aka yi mata baftisma da shi Eusebia Tzoc, amma a Chuisib, ƙauyenmu na kan duwatsun Guatemala, babu mai kiranta da wannan. Nan Cheba kowa ya sani, mai kunun masara a bakin kasuwa. A harshenmu Nan ake ce wa dattijuwa, kamar a ce inna, dattijo kuma Tat. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ta mai kiran tumaki daga wancan tsauni. Ni Rosenda, ƙanenta nake aure, kuma rumfata ta barkono da tumatir tana jingine da tata, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi mafi yawansa.

Ba ta da sauƙi, wannan kam ba zan ɓoye ba. In ka kurɓi kununta ka ce zaƙi bai ji ba, sai ta karɓe ƙoƙon daga hannunka ta ce, "Je ka sha na uwarka." Amma tsofaffin da suka san ta da ƙuruciya sun ce da ba haka take ba. Mai dariya ce a lokacin da take tare da mijinta Baltazar, manomin masara wanda yake koya wa yara addu'o'in Katolika, don fada, limamin Katolika, ba ya hawowa wurinmu sai jefi-jefi. Amininsa kuwa Hermelindo Chay ne, mahaucin kasuwa, wanda ake kira Melo. Shi ya riƙe 'yarsu ta fari ranar baftismarta. Tun daga nan suke kiran juna kompadre, ita kuma yana kiranta komadre, a wurinmu kuwa wannan ta fi dangantakar jini nauyi.

Sai shekarun wuta suka zo. Sojoji suka hawo duwatsu, suka tilasta wa kowane namiji shiga sintiri, mai sanda da mai tsohuwar bindiga. Melo suka naɗa shugaba, shi kuwa abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. A lokacin, duk mai koyar da addu'a a majami'ar Katolika ana yi masa kallon ɗan leƙen asirin mayaƙan daji.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, Baltazar yana auna wa wata mata wake, Melo ya zo da mutanensa ya dafa kafaɗarsa.

"Kompadre, zo ka amsa 'yan tambayoyi ka dawo."

Baltazar ya ce wa matarsa ta kula da waken, ya bi su, shi da waɗansu maza biyu. Ba a sake ganin ko ɗayansu ba.

Nan Cheba ta yi yawon nema har ƙafafunta suka tsattsage. Da ta gaji ta je gaban teburin naman Melo ta durƙusa masa. Ya ci gaba da sara ƙashi, bai ko ɗago ba.

"Komadre, mijinki ya bi 'yan daji. Ko kuwa wata ce ta ja shi zuwa Meziko, wa ya sani? Ki riƙe 'ya'yanki ki yi shiru, tunda ke ma kina da wuya."

Ta yi shirun. Ta tona rami a bayan rumbu ta binne gunkin waliyyin gidansu, ta ɗauki 'ya'yanta ta shiga cocin masu bishara da ke gangare, don su a lokacin ba a cika taɓa su ba. Ba ta taɓa yi wa wannan ado ba. Takan ce, "Tsoro ne ya kai ni. Bakina yana waƙa, cikina yana ƙirga hanyoyin gudu." Shekaru ta yi a haka, tana tafi in an tafa, tana durƙusawa in an durƙusa.

Abin ya canza ne bayan tari ya kashe autanta. Ta ba ni labari cewa ta sauka rafi da tsummokaransa za ta wanke, ta kasa. Ta zauna a kan dutse ta yi wa Allah tsawa, ta faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa ko maƙwabci. Da ƙarfinta ya ƙare ta ce, "Yesu, ba ni da miji, ba ni da autana, ba ni da wani abin kirki da zan nuna maka. Ga ni nan. In ka sake ni na faɗi." Ta ce ba ta ga haske ba, ba ta ji murya ba, ta dai tashi ta wanke tsummokaran, kuma tun daga ranar ta san a hannun wa take. In ana zancen bangaskiya a gabanta, wannan take nufi, ba wani abu ba.

Aka yi sulhu, aka karɓe bindigogi. Melo ya koma mahaucinsa, daga nan ya koma giyar rake, har ya zama sai a tsallake shi a bakin kwata da safe. Nan Cheba takan bi ta ɗaya gefen hanya. Ba ta tofa masa yawu, ba ta gaishe shi. Ta ce ta bar shi da Mai shari'a, kuma ina jin tana jin sanyi a ranta duk lokacin da ta tuna irin shari'ar da ke jiransa.

Wata Lahadi muna coci, ruwa yana dukan kwano, Fasto Abelino ya gama wa'azi ya kira masu son karɓar Yesu su fito. Saurayi ne faston, daga garuruwan bakin teku aka turo mana shi, yana yaro aka yi yaƙin. Sai ga Melo ya taso daga benci na baya, sanye da farar riga, ya zube a gaba yana kuka kamar an yanka shi. Mata suka ɗauki guɗa, mai ganga ya ƙara wuta. Da aka lafa aka miƙa masa abin magana ya ba da shaida.

Ya ce shi mashayi ne. Ya ce ya bi matan mutane, ya doki matarsa, ya danne ma'auni. Har talotalon wata gwauruwa da ya sata ya ambata, jama'a suka yi dariya cikin hawaye. Ya ce amma yau ya gaskata, jinin Yesu ya wanke shi fes. Ya zauna.

Fasto ya ɗaga hannu. "'Yan'uwa, ɗan'uwa Melo ya sami ceto. Duk abin da ya wuce ya wuce. Ku ce amin!"

Coci ya ɗauka gaba ɗaya. Ina gefenta, na ji bencin ya motsa. Nan Cheba ta miƙe.

"Ka gama, Melo?"

Ganga ta tsaya.

"Tambayarka nake, kompadre. Ka gama? Ka tuna talotalo. Mijina bai kai talotalo ba?"

"Nan, don Allah ki zauna," in ji wani dattijon coci.

"Kai ka zauna, Tat Lencho, kai ma a bayansa kake tafe ranar nan."

Melo ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin yaro. "Komadre, tsohon Melo ya mutu. Wanda kike gani sabon mutum ne."

"To, sabon ya tambayi tsohon inda ya zuba Baltazar kafin a binne shi. Ina nan ina jira."

Ta ja mayafinta ta fita cikin ruwan, ni ma na bi ta da laima, ba ta ko shiga ƙarƙashinta ba.

Dattawa suka zauna a kan maganar. Hukuncin da suka yanke shi ne Nan Cheba tana da ɗaci a zuciya, ba za ta ci jibin Ubangiji ba sai ta yafe. Melo kuwa aka yi masa baftisma a rafi, ba a daɗe ba aka sa shi tsaron ƙofa, shi ke gaishe da masu shigowa. Ba ta daina zuwa ba. Kowace Lahadi yakan miƙa hannu ya ce, "Salama gare ki, 'yar'uwa," ita kuma ta wuce da hannuwanta cikin mayafi. In ana rarraba gurasa ta zauna tana kallon gicciyen da ke bango, haƙoranta a datse.

Wata rana da hantsi muna tsakar gidanta muna ɓarzar masara, Fasto Abelino ya yi sallama. Ta tura masa kujera da ƙafa, ta kuma tura masa kwando, don a gidanta ba a zama hannu rabbana.

"Nan, na zo ne ki fahimce ni," ya ce. "Ceto ba lada ba ne. Da ana biya, da ba mai iya biya, har da ni da ke. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji bai sami damar gyara komai ba, hannuwansa a kafe suke. Ya gaskata kawai."

"Ɗana, ɓarawon nan ya yarda a gaban mutane cewa abin da ake yi masa shi ya jawo. Bai tsaya zancen talotalo ba."

"Ba ni da ikon buɗe zuciyar Melo in duba. Ya ce ya gaskata."

"Ya ce! Shaiɗan ma ya san Yesu ya mutu ya tashi, a gabansa aka yi. Ka ba shi tsaron ƙofa mana."

Fasto ya ajiye masarar da ke hannunsa. Na zaci zai tashi, amma sai ya dube ta sosai.

"In tambaye ki, Nan. A ce gobe ya zo ya faɗa miki komai, ya nuna miki wurin. Za ki ji daɗi Allah ya karɓe shi?"

Ta daɗe tana murza masara da babban yatsa.

"A'a," ta ce. "So nake ya ƙone."

"To, kin gani, ba da Melo kaɗai kike faɗa ba."

Totuwar da ke hannunta ta wurga masa, ta same shi a kafaɗa. Ya tashi, ya yi mata godiya, ya tafi. Bayan fitarsa ta zauna tana huci kamar wadda ta hau tudu da kaya.

"Ɗan banza, ya faɗi gaskiya," ta ce mini. "Na san kyauta aka ba ni, Rosenda. Hannu wofi na je. Abin da ke cin raina shi ne a ba shi irin tawa. Shekara da shekaru ina kwana a gado, gefen mijina babu kowa, shi kuma ya yi kuka sau ɗaya a ce mun zama ɗaya? Ina ruwan Allah da mahauci?"

Amma maganarta ma ta bi faston gida. Makonni kaɗan bayan haka ya hau bagade ya yi wa'azin da ya raba cocinmu. Bai kama sunan kowa ba. Ya ce ya daɗe yana gaya mana cewa bangaskiya ke ceto, gaskiya ne, ba zai janye ba, amma bai taɓa gaya mana mece ce ita ba. Ya ce ba sanin labarin Yesu ba ce, ba kuka ba ce, ba fitowa gaba ba ce. Ya ce ita ce mutum ya ɗora duk nauyinsa a kan Almasihu, har ya zama ba shi da wani wurin tsayawa. "Wanda ya yi haka," in ji shi, "me zai ɓoye kuma? Wa zai ji tsoro? In ƙafarka ɗaya tana kan Yesu, ɗayar tana kan ƙaryar da ke kare ka, to ƙaryar ka amince wa. Faɗin gaskiya ba ya sayen ceto. Amma wanda aka ceta ba ya iya kwana da gawa a bakinsa."

Kusan kowane namiji mai furfura a cocin ya yi sintiri a zamanin, wasu dole, wasu da son rai. Kafin a gama waƙar rufewa Tat Lencho ya miƙe ya ce an kawo siyasa gidan Allah. Rabin jama'a suka fice, suka kama hayar wani ɗaki a hayin rafi, suka sayi lasifika da ta fi tamu ƙara. Melo ya bi su, can ma aka ba shi ƙofa.

An ɗage wa Nan Cheba hukuncin, amma ba ta yi murna ba. Ta ce faston ya yi wa'azi mai kyau, mijinta kuma yana nan inda yake. A shekarun ne masu tonon ƙasusuwa suka fara zuwa daga babban birni, suna buɗe ramuka a ƙauyukan da aka nuna musu. Duk inda ta ji ana tono sai ta rufe tukunya ta hau mota ta je, ta tsaya a bakin rami tana duba tsummoki da takalma. Kullum ta dawo babu labarinsa.

Har muka cire rai. Sai wata ranar kasuwa bayan girbi, na ɗago kai na ga Melo tsaye a gaban rumfarta. Ya rame, idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura, tsohuwar giyar tana karɓar hakkinta.

"Komadre, ki sam mini kunu."

"Ba na sayar wa matattu. Kai ka ce ka mutu."

Bai tafi ba. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Addu'ata ba ta wuce rufin kwano, komadre. Na yi azumi, na yi waƙa har muryata ta dushe. Lencho ya ce in na buɗe baki duk mun shiga kurkuku, 'ya'yana kuma ba za su iya zama a garin nan ba. Sai na duba na ga kurkuku ya fi mini Yesu girma. Tun ranar da na fita gaba haka yake, ban sani ba."

"Ban tambaye ka lafiyar ranka ba. Ina yake?"

"A gonata. Ƙasan bishiyar fiya, inda tsohon ramin farar ƙasa yake. Su ukun duka. Ni na ɗaure shi."

Masu saye da sayarwa suka bar ciniki suka juyo, daga rumfa zuwa rumfa.

"Gonar da kake nomawa?" ta ce. "Masarar da kake ci?"

Ya ɗaga kai alamar i.

Ludayin katakon da ke hannunta ta kwaɗa masa a fuska, da kunu mai zafi a ciki. Ta sake, ta sake, har ludayin ya tsage. Bai kare ba, bai ja da baya ba. Ni da wata mai sayar da albasa muka riƙe ta, tana ihu tana kiransa kare, tana kiransa mai cin amanar ruwan baftisma. Shi kuwa ya share jinin hancinsa da hula, ya juya ya nufi ofishin alƙali da ƙafarsa.

Masu tono suka zo da 'yan cokulansu da burushi. Muka tsaya a rana muna kallo suna share ƙasa kaɗan-kaɗan kamar masu tsince tsakuwa a wake. Da suka kai ga na biyu Nan Cheba ta ce su dakata. Hannuwan suna baya, igiyar ba ta gama ruɓewa ba, a ƙugu kuma akwai guntun jar ɗamara da ita ta saƙa. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa a bakin ramin ta ce, "Balta, ka ce mini in kula da wake." Shi ke nan abin da ta ce.

An binne su cikin ƙananan akwatunan katako, garin ya fito, 'yan Katolika da turarensu, mu da waƙoƙinmu. 'Yan hayin rafi suka rufe ƙofarsu, suka ce ciwo ya taɓa wa Melo ƙwaƙwalwa. Shi kuwa ya faɗa wa alƙali komai, da nasa da na waɗanda suka taya shi, aka tafi da shi, aka tafi da Tat Lencho. Bai kai ranar yanke hukunci ba, ya mutu a tsare.

Da aka kawo gawarsa, cocin nasa ya ƙi ta. 'Ya'yansa maza sun riga sun gudu birni. Matarsa ta zauna a ƙofar gida ita da akwati, ba mai ɗauka. Fasto Abelino ya bi gida-gida yana neman kafaɗu, kowa yana ba shi uzuri. Labarin ya iske mu a kasuwa.

"Ji munafukai!" in ji Nan Cheba. "Ranar da ya yi musu ƙarya suka buga masa ganga. Yau da ya faɗi gaskiya sun bar shi yana wari a ƙofa."

Ta aika aka kira mata ɗanta da surukanta biyu da mijina. Ɗan nata ya ce ya gwammace hannunsa ya karye. Ta ce in bai ɗauka ba ita za ta karya masa. "Amma ku ji da kyau, can ƙarshen maƙabarta za ku kai shi, wajen shingen kaktus mai ƙaya. Kada ya kusanci mijina ko da inuwa."

Ta bi su a baya, nesa, ba ta yi waƙa ba, ba ta jefa ƙasa ba. Muna gangarowa na kasa riƙe bakina.

"Nan, kina ganin ya tsira?"

"Ni ce mai ƙofa?"

"A ganinki dai."

Ta tsaya ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ranar da ya yi kukan nan, ban ga komai ba sai majina. Ranar kasuwa kuwa ya saki duk abin da yake riƙe da shi, ya zo tsirara. Na san wannan tsayuwar, na taɓa yin ta." Ta yi tsaki mai ƙarfi. "Ina jin zan tarar da shi a can, Rosenda. Kuma in na tarar da shi sai na yi magana da Mai gidan, ko zai kore ni."

"Ba zai kore ki ba."

"Na sani. Shi ma ba zai kore shi ba. Abin da ke ba ni haushi ke nan."

Ta juya ta ga ɗanta yana wanke hannuwansa a famfon bakin hanya yana dirzawa da yashi, fuskarsa a murtuke. Ta daka masa tsawa ya bar ɓarnar ruwan mutane, ya je gidan matar Melo ya faskara mata itace, tunda 'ya'yanta marasa kunya sun bar ta ba ko ƙirare.